Daga Fagen Kaka Zuwa Gidan Dambe

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi dambe ɗan kaka ne. Da damina ba mai ɗaure hannu, kowa na duƙe a gona, ƙarfin da za a kai naushi da shi fartanya ta riga ta karɓe. Sai an yanke dawa, masara ta shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sannan kalangu ke tashi a bakin kasuwa. Asalin wasan na rundawa ne. Kaka ce lokacin aure da bukukuwa, inda ake biki kuwa dole a nemi nama, don haka mahauta ke bin ƙauyuka. Su yi fawa da rana, da la'asar samarinsu su fito fage su nemi samarin garin da suka sauka. Shi ya sa har gobe kalangun da ke kiran mutane wajen nama shi ne ke zuga ɗan dambe.

Kakana na wajen uwa, manomi a wani ƙauye kusa da Bakori, ya yi dambe da ƙuruciya, amma bai taɓa kiransa sana'a ba. Abin da ɗan dambe ke samu a zamaninsu suna ne, da goro, da 'yan kwabban da aka jefa masa, in an yi dace har da budurwa. Da tsufansa yakan nuna mana yadda ake ɗaurin hannu: a dunƙule yatsu, a rufe da tsumma, a bi da zare ana naɗawa ana ja tun daga dunƙulen har wuyan hannu, sai ya yi tauri kamar taɓarya. Ɗaya hannun a buɗe yake, shi ne garkuwa, da shi ake auna abokin karawa a kuma tare shi. Turmi uku ake yi. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ko da zai miƙe nan take yana dariya. Ba a auna nauyin kowa. In ɗan siriri ya ga zai iya da ƙato, shi da layunsa.

Abin da ya fara sauya lissafin, a ganina, auduga ce. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kamfanin Turawa na BCGA kuma ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Manomin da a da dukiyarsa ke cikin rumbu sai ga shi ya dawo daga fuloti da tsabar kuɗi a aljihu, duk a 'yan makonni kaɗan. Inda kuɗi suka taru kuwa makaɗa da 'yan wasa ba sa jiran gayyata. Ba banza ba Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi zamansa a Funtuwa. Sannu a hankali aka kewaye fage da zana, aka bar ƙofa ɗaya, aka zaunar da mai karɓar kuɗin shiga. Daga nan ɗan dambe ya samu dalilin barin gona da wuƙar fawa ya bi wasa gari-gari, rani da damina. Babu hukumar da ta ba shi takarda ta ce yau ka zama ƙwararre. Mai gidan dambe ne ya fara biyansa, shi ke nan.

A nan ne bambancinmu da damben Turawa ya fi fitowa. Ɗauki Ken Buchanan, ɗan birnin Edinbura a Sukotland, wanda aka haifa a 1945, ya kuma koyi kafinta. Ya ci kambin Birtaniya na masu damben da ba a biya a 1965, a shekarar ya shiga na kuɗi. A 1970 ya doke Ismael Laguna a San Juwan ya zama zakaran duniya na ajin marasa nauyi, ajin da ba a wuce kilo 61 da ɗoriya. Roberto Duran ya ƙwace kambin a Niyok a 1972. Buchanan ya rasu a 2023, kuma duk wasan kuɗin da ya yi a rubuce yake, da rana da wuri da turmin da aka tashi. Haka na Dick Tiger ɗan Najeriya, wanda ya kare kambinsa na duniya a Ibadan a 1963.

Mu kuwa kundinmu bakin mawaƙi ne. Kowa ya san Shago, ya san akwai Ɗandunawa, saboda Ɗan Anace ya sa su a waƙa, rediyo da kaset suka kai ta ko'ina. Amma mawaƙi ba alƙali ba ne. Gwaninsa yake wasawa, ranar da aka buge gwanin nasa ba lalle ta shiga baiti ba. Wanda bai samu mawaƙi ba kuwa sunansa ya bi shi kabari. A Ɗanja da Ƙafur da Ƙanƙara an yi 'yan damben da tsofaffi ke rantsewa ba a taɓa kai su ƙasa ba, amma ka tambayi biyu a majalisa ɗaya, sai su yi gardama a kan garin da aka yi wasan, balle shekarar. Ɗan abin da ya rage na salsala yana cikin sunaye: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Yaro na ɗaukar sunan ubangidan da ya koya masa, ya kuma tsaya a ɗaya daga ɓangarori uku, Kudu ko Arewa ko Guramada, ba ya kuma neman ɗan ɓangarensu da kisa a babbar gasa.

Yau manyan wasanni sun koma birane, dandalin Ado Bayero a Kano, gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, da Legas. Ana damben mota, ana damben babur. Wasu masu shirya gasa sun kawo sikeli sun raba 'yan wasa aji-aji, sun ajiye likita a gefen fage. Tsofaffi na gunaguni wai an kashe armashin, tunda daɗin abin a wurinsu shi ne ƙaramin ya kifar da babba. Ni dai na ga haƙoran da aka zubar, likitan bai dame ni ba.

Abin da ya fi damuna fagen ƙauyen ne. A yankunan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, inda 'yan bindiga suka hana mutane sakat, taron da zai kai dare ya zama kasada, auduga kuma ba ta da kasuwar da. Yaran da ke koyon dambe yanzu a waya suke fara ganinsa, a Facebook da TikTok, kuma da zarar hannun yaro ya fara nauyi sai ya nemi kuɗin mota zuwa Kano.