Tarihin Kujerar Dako: Yadda Maharban Amurka Suka Koma Kan Bishiya

Kwanakin nan matasanmu sun yi ta yaɗa wani bidiyo na Bature maharbi zaune a kan wata 'yar kujerar ƙarfe da ya ɗaure can saman bishiya, riƙe da baka, yana dakon barewa. Wasu dariya suka yi, wasu suka ce ai wannan aikin kakanninmu ne aka shafa wa fenti. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin maharban ƙasar Hausa sun san dako a kan reshe kusa da mashaya tun kafin a haifi kakan mai bidiyon. Sai dai kujerar nan tana da nata tarihi, kuma mun ga ya dace mu kawo shi.

Dabbar da suke harbi ba irin barewarmu ba ce sak. Tasu mai farar wutsiya ce, namijin yana da ƙaho mai rassa wanda yake zubarwa duk shekara wani ya fito. Wajen shekarar 1900 saura ƙiris ta ƙare a Amurka. An sare dazuzzuka, 'yan kasuwa kuma suna kashe ta ba ƙaƙƙautawa suna loda nama da fata a jirgin ƙasa zuwa birane. Ƙiyasin masana shi ne abin da ya rage bai wuce 500,000 ba a faɗin ƙasar. Yau ana maganar kusan miliyan 30.

Doka ce ta dawo da ita, da kuɗi. A 1900 aka kafa dokar Lacey, wadda ta hana tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1937 aka zo da dokar Pittman-Robertson: harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai aka ware shi domin jihohi su kula da namun daji, su sayi daji, su ɗebo barewa daga inda take su zuba inda ta ƙare. A shekarun 1970 aka saka baka da kibiya cikin kayan da ake biya wa harajin. Wato maharbi da aljihunsa yake kiwon abin da zai harba, sannan sai ya yanki lasisi, ya jira lokacin da aka buɗe, ya tsaya kan adadin da aka ƙayyade masa.

Shi kansa bakan sai da aka tono shi daga mantuwa. A 1911 wani mutum ya fito daga daji kusa da garin Oroville a jihar Kalifoniya, shi kaɗai ya rage a ƙabilarsa ta Yahi, cikin 'yan asalin ƙasar da Turawa suka ƙarar. Aka sa masa suna Ishi. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, ya zama ɗalibinsa, ya koyi sassaƙa baka da gyaran kibiya da yadda ake laɓaɓo dabba. Ishi ya rasu a 1916 da tarin fuka, Pope kuma ya fitar da littafi kan farauta da baka a 1923, wanda ya ja hankalin mutane da yawa. Abin tausayi, ilimin waɗanda aka kora ne ya zama abin shaƙatawar jikokin waɗanda suka kore su. A 1934 jihar Wisconsin ta zama ta farko da ta ware wa masu baka lokacin farautarsu daban.

To me ya kai su kan bishiya? Kibiya ba harsashi ba ce. Sai dabba ta matso kamar taku 20 zuwa 30 kafin a samu harbi mai kisa, su kuwa ba sa shafa dafi irin na ƙwanƙwani da maharbanmu suka dogara da shi. Ga barewa da hanci da kunne. A ƙasa, kafin ka ja tsirkiya ta shaƙi warinka ta yi gaba. A sama kuwa motsinka ya fita daga inda ta saba dubawa. A 1969 Holless Wilbur Allen na jihar Missouri ya samu rajistar wani baka mai ƙananan tayoyi a bakinsa biyu, wanda idan an ja shi nauyin yakan ragu, mutum ya iya riƙewa yana jira. Masu baka suka ƙaru sosai, buƙatar wurin zama a sama ta ƙaru tare da su.

Da farko katako suke bugawa da ƙusa a tsakanin rassa. Ruwa ya ruɓar da shi, ƙusa ta ɓata bishiya, kuma idan barewa ta sauya hanya an yi aikin banza. Wasu jihohin ma sun daɗe suna hana harbi daga sama gaba ɗaya. Daga nan aka koma ga ta ƙarfe wadda ake goyawa a baya: faranti na tsayawa, 'yar kujera, da sarƙa ko ɗamara mai ƙarfi da ake zagaya gindin bishiya da ita. Ana haɗa guntayen tsani ɗaya bisa ɗaya har tsawon mita 5 zuwa 6. Maharbi yakan zaɓi bishiya mai rai kusa da turbar da barewa ke bi daga makwanci zuwa wurin kiwo, a ɓangaren da iska za ta ɗauke warinsa ta yi nesa da turbar. A dazukan gwamnati da yawa an hana ƙusa da duk abin da zai huda bishiya.

Sai kuma kujerar ta zo da nata bala'in. A jihohi da dama, faɗowa daga bishiya ta fi harbin kuskure jikkata maharba, ga karayar baya, ga shanyewar ƙafafu. Yawanci ba a zaune ake faɗowa ba, sai wajen hawa ko sauka, ko lokacin ɗaga ƙafa daga tsani zuwa faranti. Ɗamarar da aka bari shekara guda a rana da ruwa ita ma takan tsinke. Igiyar ƙugu da aka fara amfani da ita ta zama wata matsalar, don takan matse cikin wanda ya faɗo ko ta juya shi kai ƙasa. Shi ya sa yanzu ake sayar da kujerar tare da ɗamarar da ke kama kafaɗu da cinyoyi, ana kuma ɗaura igiya tun daga ƙasa har sama, mutum yana maƙale da ita daga takun farko. Baka ma ba a hawa da shi a hannu, da siririyar igiya ake jawo shi bayan an zauna.

Mu da muke zirga-zirga tsakanin Kudu da gida muna ganin gada da gafiya rataye a bakin titi ana ciniki, ba lokaci, ba adadi. Dattawanmu suna ba da labarin gwanki da mariya a bayan gari, yaranmu kuwa sai dai a kai su gandun daji irin Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, ko gidan zu, su gan su ta bayan waya.