Daga Sassaƙa Hankali Zuwa Awo da Mudu: Tafiyar Kalmar "Information"

In ka yi makarantar boko a Najeriya ko Gana, da wuya jan biron malamin Turanci bai taɓa sauka kan kalmar "informations" a littafinka ba. Za a ce ba a yi mata jam'i, ka cire "s" ɗin, shi kenan. Amma ɗalibi a Nijar kullum yana rubuta "les informations" da Faransanci, ba mai ce masa uffan. Kalma ɗaya ce, asali ɗaya. Dalilin bambancin yana cikin tarihinta, kuma kusan duk zangon da ta yada a cikin shekara 600 ya bar sawu a maganganun da Turawa ke yi yau da kullum.

Tushenta Latin ne, "informare", daga "forma", wato siffa. Ma'anar farko ita ce ba wa abu siffa, kamar yadda maginin tukunya ke yi da yumɓu. Daga nan aka aro ta ga koyarwa: malami yana siffanta hankalin ɗalibi. Da wannan ma'ana ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarshen ƙarni na 14, zamanin marubuci Chaucer. Ka lura, a lokacin aiki ce da ake yi wa mutum, kusa da abin da muke kira tarbiyya ko karantarwa. Ba kaya ba ce da ake ɗauka a kai wani wuri. Ragowar wannan ma'ana na nan a "well-informed", wanda ake faɗa wa mutumin da ya san kan al'amura, da kuma "informed consent", amincewar da majiyyaci ke bayarwa kafin tiyata. Sa hannu kawai bai wadatar ba, sai an yi masa bayani ya fahimta, hankalinsa ya canja.

Sai kotu ta karɓe ta. A dokar Ingila, "to lay an information" na nufin shigar da ƙara a kan wani a gaban alƙali. A nan ana ƙirga ta sarai: "an information", "two informations". Ke nan abin da malamin Turanci ya ja wa layi, lauya na iya rubuta shi ba laifi. Ɗaruruwan shekaru a Ingila akwai masu cin abinci da wannan: mutum ya ga ka karya wata doka, ko da ba ruwansa, ya kai ka ƙara, a ba shi kaso daga tarar da aka ci ka. Ana ce musu "common informers", kuma ba wanda ke ƙaunarsu. Sai a 1951 majalisar dokokin Birtaniya ta soke tsarin. Daga nan warin da ke bin kalmar "informer" ya samo asali, shi ya sa "inform him" da "inform on him" suke nesa da juna kamar sama da ƙasa: na farko ka sanar da shi, na biyu ka tona masa asiri a wurin hukuma. Mu ma mun gaji wannan reshen. Duk wanda ya taɓa bin shari'a a kotun majistare a Arewa ya san FIR, wato "First Information Report", rahoton da 'yan sanda ke gabatar da wanda ake tuhuma da shi. Haka "infoma" da ake kiran masu kai wa 'yan bindiga rahoto a Zamfara da Katsina, jikan wancan "informer" ɗin ne.

Gwamnati ma ta ga amfaninta. A 1918, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta kafa "Ministry of Information" ƙarƙashin Lord Beaverbrook, mai gidan jarida. Aikinta farfaganda ne, amma sunan bai nuna haka ba. A ganina wanda ya fassara mana irin wannan ma'aikata da Ma'aikatar Yaɗa Labarai ya fi Baturen faɗin gaskiya.

Babban juyin ya zo ne daga injiniyoyin waya. A 1928 Ralph Hartley na Bell Labs a Amurka ya nemi hanyar auna yawan abin da layin waya zai iya ɗauka. Shekara 20 bayan haka, a 1948, Claude Shannon na wannan cibiya ya kammala lissafin. Abin da ya yi zai iya ba ka mamaki: ya ajiye ma'anar saƙo gefe guda, ya ce ba damuwar injiniya ba ce. Abin da ya auna shi ne yawan shakkar da saƙo ya kawar. In na ce maka gobe rana za ta fito daga gabas, ban ƙara maka komai ba, domin ka riga ka sani. In na ce an tafka ruwan sama a Kano a watan Janairu, na ba ka abu mai yawa, saboda ba ka zata ba. Ka jefa kwabo sama, sanin fuskar da ya faɗi a kai shi ne ma'auni ɗaya, wanda aka raɗa wa suna "bit", sunan da Shannon ya ce daga John Tukey ya same shi. A wannan awo, jawabin malami da surutun banza na iya yin nauyi ɗaya.

Tun kafin Shannon, Turanci ya riga ya ɗauki kalmar kamar ruwa ko gero, abin da ba a ƙirgawa sai dai a auna. Shi ya sa ake cewa "a piece of information" ko "some information", kamar yadda ba ka cewa gero uku sai dai mudu uku. Abin da Shannon ya yi shi ne ya kawo mudun. Bayan haka maganganun suka yi ta haihuwa. "Information technology" ta bayyana a wata maƙala ta mujallar Harvard Business Review a 1958. "Information overload", wato bayanai sun yi wa mutum yawa har ya kasa yanke shawara, Bertram Gross ya yi amfani da ita a 1964, Alvin Toffler ya yayata ta a littafinsa Future Shock na 1970. A shekarun 1990 Al Gore ya riƙa kiran intanet "information superhighway". Duba fi'ilan da ke raka ta yanzu: tana kwarara, tana yoyo, ana tara ta, ana sayar da ita. Hankalin da ake siffantawa ya ɓace daga maganar gaba ɗaya.

Bakin jama'a dai ba ya bin lissafi. "For your information" a takardar ofis tana nufin ga shi don ka sani, ba a neman komai daga gare ka. Amma in aka faɗa maka ita baki da baki, ana jan kalmomin, to gatse ne, daidai da "in ba ka sani ba, ka sani". Ita kuwa "too much information" ba ta da alaƙa da yawa. Ana faɗa wa wanda ya ɗauko bayanin ciwon cikinsa ana tsakiyar cin abinci. Maganar kunya ce.

Saura tambaya ɗaya da har yau ba a rufe ba: dole ne abin ya zama gaskiya kafin a kira shi da wannan suna? Masana falsafa irin su Fred Dretske da Luciano Floridi sun ce dole ne. Mutanen gari kuwa suna cewa "false information" ba tare da jin sun yi tufka da warwara ba. Don haka aka dogara da wasu kalmomi biyu: "misinformation", ƙaryar da mai yaɗa ta ya ɗauka gaskiya ce, da "disinformation", wadda aka ƙirƙira da gangan. Ƙamus ɗin Dictionary.com ya zaɓi ta farkon a matsayin kalmar shekarar 2018. Hausarmu ta kafafen labarai yawanci takan haɗa su duka a "labaran ƙarya", alhali niyya ce ta raba su. Ka tuna watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta buga waya da tsakar dare ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mafi yawan waɗanda suka tashi 'yan uwansu daga barci a daren ba maƙaryata ba ne, tsoro da ƙauna ne suka sa su. Wasu da suka sha gishirin sai a gadon asibiti suka wayi gari.