Yadda Dokar Haraji Ta Koyi Jiran Kamfanin Da Ya Yi Asara

Ɗan kasuwa ya san riba da asara tare suke tafiya, amma dokar harajin Najeriya ta daɗe kafin ta amince da hakan. Tsarin da Gwamna Lugga ya kafa a Arewa a 1904 da 1906 ya ginu ne a kan kuɗin ƙasa da jangali, inda ake ƙidayar gona da shanu, ba a tambayar wanda ya ci riba ko ya faɗi. Sai a 1939 aka yi dokar farko ta harajin kamfanoni, aka sake ta a 1961 bayan samun 'yanci, sannan a 1979.

Da aka koma auna haraji da riba, sai tambaya ta taso: kamfanin da ya faɗi bana, ya farfaɗo baɗi, yaya za a yi da shi? Doka ta yarda ya cire tsohuwar asarar daga sabuwar riba kafin a yanka masa haraji. Idan ya yi asarar naira miliyan 20, shekara mai zuwa ya ci ribar miliyan 50, a kan miliyan 30 zai biya. Sai dai an sa wa'adin shekara 4, abin da ya rage bayan nan ya bi ruwa. Kamfanonin noma ne aka ɗauke wa wannan wa'adi.

Wa'adin ya takura wa masu masana'antu, domin mai kafa injina kan daɗe kafin ya mai da uwar kuɗinsa. A 2007, lokacin da Ifueko Omoigui ke shugabancin hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, Majalisar Tarayya a Abuja ta soke shi. Kamfanonin inshora aka bari a baya, sai da Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Kuɗi ta 2019 a Janairun 2020 sannan suka samu sauƙi.

Sharaɗi guda bai gushe ba a duk waɗannan gyare-gyare: asarar da aka yi a wata sana'a, daga ribar wannan sana'ar ake cire ta. Shi ya sa sanin abin da doka ke kira kasuwanci ya zama wajibi. A 1955 wani kwamiti a Ingila ya jera alamomi 6, ciki har da irin hajar, tsawon lokacin da aka riƙe ta, yawan saye da sayarwa, da niyyar mai ita. A shari'ar kamfanin gine-gine na Arbico da hukumar haraji kuwa, kotu ta yanke cewa ciniki ko sau ɗaya aka yi shi, yana iya zama kasuwanci.

A Abuja wannan magana ce ta yau da kullum. Kamfanin da ya sayi fili a Lugbe, ya yanka fuloti-fuloti, ya kafa allon talla a bakin titi, kasuwanci yake yi. Wanda ya sayar da ofishin da ya shekara goma a ciki, kadara ya sayar. Shekara da shekaru bambancin ya kasance mai tsada: kashi 30 cikin 100 a kan ribar kasuwanci, kashi 10 a kan ribar kadara. Dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025 sun daidaita su a kashi 30 ga manyan kamfanoni, suka kuma mai da FIRS ta zama NRS.

Damar cire asara daga riba ba ta amfanar kowa sai mai rubutu. Doka ta ba kamfani wata 6 bayan rufe shekararsa ya miƙa lissafinsa, ko riba ya ci ko faɗuwa ya yi. Wanda ya ce babu riba don haka babu zuwa ofishin haraji, ya jefar da asarar da za ta rage masa nauyi gobe. Adana rasit da ɗaukar akanta a shekarar faɗuwa shi ne abin da zai ba kamfani hujja ranar da riba ta dawo.