Daga Dandalin Kokawa Zuwa Majalisa

Tun zamanin kakanni, a Sanyinna da sauran garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe, idan kaka ta yi, aka kai gero da dawa rumbu, hankalin manomi ya kwanta, sai makaɗa su fito dandali, samari su ɗaura walki da layu, kowane gari ya gabatar da gwaninsa, domin a wancan lokaci kayen da aka yi wa mutum ɗaya abin kunya ne ga garinsu baki ɗaya. Saboda haka ɗan kokawa bai taɓa nisa da masu mulki ba. Hakimi yakan yi masa kyautar riga, a yi masa kirari a gaban jama'a, alhali kuwa idan aka shiga zaure domin shawarar al'amuran ƙasa, a ƙofa ake barinsa.

Hukumomin zamani ma sun fahimci martabar wannan al'ada. A Nijar, a mulkin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawa da ake kira gasar takobi a Tawa a shekarar 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko. Amma a nan ma hukuma ce mai bayarwa, ɗan kokawa yana karɓa.

Wanda ya ƙetare waccan ƙofa ta zaure a Nijeriya, har labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne Daniel Igali, wanda aka haifa a 1974 a ƙauyen Eniwari na Jihar Bayelsa ta yanzu, cikin Ijaw, mutanen da kokawa ta zame musu gado kamar yadda ta zame mana. Ya je Kanada a 1994 domin wasannin ƙasashe renon Ingila, kuma da ya dubi halin da ƙasarsa take ciki a ƙarƙashin mulkin soja, sai ya nemi mafaka, ya zauna. A 1999 ya ci kambun duniya a Ankara, a 2000 kuma ya ci zinariya a gasar Olamfik ta Sidni a ajin kilo 69. A ranar ya shimfiɗa tutar Kanada a tsakiyar fage, ya kewaye ta yana rawa, sa'an nan ya durƙusa ya sumbace ta. Haƙiƙa wannan abu yana da ciwo ga ɗan Nijeriya, amma ban ga laifin baƙon da ya gode wa gidan da ya rufa masa asiri ba.

Ya nemi kujerar majalisar lardin da yake zaune a Kanada a 2005, Allah bai nufa ba. Daga baya ya komo gida, aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Bayelsa a 2011, ya zama shugaban hukumar kokawa ta ƙasa a 2013, sa'an nan kwamishinan matasa da wasanni na jiharsa a 2020.

Abin da ya fi girma a idona shi ne, da muƙami ya zo masa bai yi watsi da sana'ar da ta ɗaukaka shi ba. A ƙarƙashin shugabancinsa ne Blessing Oborududu, 'yar jiharsa, ta ci azurfa a Tokiyo a 2021, lambar Olamfik ta farko da Nijeriya ta taɓa samu a kokawa.