Fitilar Rana da Fitila Mai Kunna Kanta a Mota

Fitilar rana ƙananan fitilu ne a goshin mota, masu kamawa da zarar an tayar da inji. Amfaninsu shi ne a hango motar daga nesa; ba sa haska wa direba hanya.

Asalinta daga arewacin Turai ne, inda rana ba ta yin sama sosai a lokacin hunturu, gari ya wuni kamar almuru. Finlan ce ta fara a 1972, ta wajabta kunna fitila da rana a hanyoyin karkara a watannin sanyi. Suwidin ta mai da abin dokar duk shekara a 1977, Denmak ta bi sahu a 1990. Kanada kuwa masu ƙera mota ta ɗora wa nauyin: daga 1 ga Disamba 1989, kowace sabuwar mota sai da fitilar rana. Amurka ta halatta ta ba tare da tilastawa ba. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin samfuran ƙananan motoci daga Fabrairu 2011.

Da farko fitilun gaba ake rage wa wuta su yi wannan aiki, abin da ke cin mai, yana kuma saurin ƙona ƙwan fitila. Zuwan ƙwan fitila na LED ya kawar da matsalar. Audi ta sa shi a motarta A8 a 2004, daga nan siririn layin farin haske ya zama ado da ake gane kamfani da shi.

Fitila mai kunna kanta tarihinta daban ne. A 1952 General Motors ta fito da Autronic Eye, na'urar da ke rage hasken fitila idan ta hango mota na tahowa, sannan a shekarun 1960 ta yaɗa Twilight Sentinel, mai kunna fitila idan duhu ya shiga. A motocin yau, wani ɗan ƙaramin ido ne a kan dashbod ko bayan madubin ciki yake auna haske. Yakan ɗan jinkirta kafin ya kunna, don kada inuwar gada ta ruɗe shi.

Akwai haɗarin da ya biyo bayan ci gaban. A motoci da yawa fitilar rana ba ta kunna fitilun baya, ga dashbod kuma yana haske, sai direba ya shiga dare yana zaton komai na kunne, alhali bayansa duhu ne. Wannan ya sa Kanada ta tsaurara doka a Satumba 2021. Japan kuma ta wajabta fitila mai kunna kanta ga sababbin samfura daga Afrilu 2020. Sai dai idon fitila mai kunna kanta haske kawai yake aunawa. A ranar hazo ko ƙurar hunturu gari na da haske amma ba a gani nesa, don haka dole direba ya murɗa makunnin da hannunsa.