Tsoffin birus da muka gada a cikin jikinmu

Wani sashe na ADN ɗinmu, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, asalinsa ba na ɗan Adam ba ne. Da masana suka fitar da karatun wannan rubutu a 2001, sun tarar kusan kashi 8 cikin 100 ragowar wasu birus ne da suka kama kakannin kakanni tun zamani mai nisa ƙwarai.

Ana ce musu retrobirus, dangi ɗaya da birus ɗin SIDA. Kayan aikinsu uku ne, ana kiran su anzim. Na farko yana kwafe saƙon birus ya maida shi ADN. Howard Temin da David Baltimore suka gano shi a Amurka a 1970. Na biyu ya dasa kwafin cikin ADN ɗin mutum, na uku ya yanka furotin don a haɗa sabbin birus. In dashen ya faɗa cikin ƙwan mace ko maniyyi, to ƴaƴa da jikoki sun gada ke nan.

Yawancin waɗannan dashe sun lalace, kamar tsohuwar rijiya da rairayi ya cike. Amma a wani dangi mai suna HERV-K akwai masu iya fitar da anzim har yanzu, kuma an ga motsinsu yana ƙaruwa a wasu cututtukan kansa. Wani kuma alheri ya zama: furotin mai suna sinsitin (shi ba anzim ba ne) daga irin wannan birus ya fito, kuma da shi mabiyiya ke ginuwa a cikin mai juna biyu. Tumakin da muke kaiwa kasuwar Tanut da Belbeji ma suna da nasu, mai irin wannan aiki.

A nan fa muke roƙon a saurara da kyau. Kada wani ya ji wannan ya ce ai kowa na da SIDA. A'a! Wannan gado ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba shi gwajin da ake yi a CSI ko asibiti ke nema ba. Birus ɗin SIDA mai rai ne, anzim ɗinsa na aiki. Su magungunan ARV ke tarewa: tenofovir da lamivudine suna hana kwafi, dolutegravir yana hana dashe. Wanda ya bar shan magani, kwafin da aka riga aka dasa a jikinsa zai farka, birus ya koma yawaita cikin jini.