Matsalar cimaka a Nijar: abin da ake yankewa a gida da abin da ke zuwa daga maƙwabta

A cikin manyan matsalolin da kowace gwamnati ta Nijar take tararwa a gabanta, babu wadda ta kai ta cimaka daɗewa. Mafi yawan ƴan ƙasa manoma ne da makiyaya, kuma damana ɗaya ce tak a shekara, ta wata uku zuwa huɗu. Shi ya sa idan hatsi ya yi tsada, jama'a kan ce ruwa ne bai wadata ba. Hakan gaskiya ne, amma da saura. Farashin tiya a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram yana bin ruwan sama, yana kuma bin shawarar da aka yanke a Yamai, da wadda aka yanke a Abuja, ko Wagadugu, ko Kwatano.

Abin da ya faru a 2005

A damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta faɗa wa gonaki da makiyaya a wasu yankuna. An ƙiyasta giɓin cimaka ya kai kimanin tan dubu 223. Giɓi ne, amma bai kai na farin 1973 ko na 1984 ba. Duk da haka, a watan Yuli na 2005 buhun hatsi mai kilo 100 ya kai jika 30 a kasuwanni da dama, wato ninki biyu ko fiye na yadda aka saba. Hatsi yana nan jibge a gaban ƴan kasuwa, kuɗin saye ne babu. Makiyayi ya sha wuya sau biyu: dabbarsa ta rame, kuɗinta ya faɗi, buhun da zai saya kuwa ya hau.

Me ya kawo wannan tsada? A shekarar da amfani ya yi ƙaranci, Nijar kan cike giɓinta da dawa da masara da hatsin maƙwabta, musamman na arewacin Najeriya. A waccan shekara farashi ya hau a can ma, sai abin da ya saba shigowa bai shigo ba. Burkina Faso da Mali kuma suka taƙaita fitar da hatsi domin kare mutanensu.

A cikin gida, gwamnatin Shugaba Tandja Mamadu da ƙasashe masu ba da tallafi sun zaɓi a sayar da cimaka a farashi mai rahusa maimakon a raba ta kyauta, don gudun kada a ɓata kasuwa. Hujjar tana da ma'ana a kan takarda. Sai dai magidancin da ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, rahusa ba ta yi masa amfanin komai. Ba a soma rabon kyauta gadan-gadan ba sai wajen watan Agusta, lokacin da abu ya riga ya yi nisa. A farkon wannan shekara ne kuma aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari. Jama'a suka rufe kasuwanni da shaguna a manyan garuruwa, har gwamnati ta janye mafi yawan harajin a watan Afrilu.

Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a 2005, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Wannan abin lura ne, domin Maraɗi ce ake kira rumbun ƙasa. Dalili shi ne gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado da yawan jama'a. Talaka yakan sayar da amfaninsa da kaka, lokacin araha, don biyan bashi, sannan ya koma ya saya da tsada a tsakiyar damana.

Kayan aikin da gwamnati take da su

Tun 1970 aka kafa ma'aikatar OPVN domin saye da ajiye cimaka. Yadda aka tafiyar da taimakon abinci a lokacin fari yana cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. A 1989 aka kafa tsarin gargaɗi tun da wuri, mai bin diddigin ruwa da amfanin gona da farashin kasuwanni. Akwai kuma rumbun tsimi na ƙasa, da bankunan cimaka na ƙauyuka, waɗanda ke sayen hatsi da kaka su sayar wa mutanen gari cikin sauƙi lokacin da rumbuna suka ƙare. Bankin da kwamitinsa ya ba da bashi bai karɓo ba, ba ya kai shekara ta biyu.

A 2010, da wani ƙarancin ya sake zuwa, hukumomin riƙon ƙwarya na Salu Jibo sun faɗi matsalar a fili tun da wuri, taimako kuma ya fi saurin isowa. A 2012 gwamnatin Mahamadu Isufu ta ɗauki shirin 3N, wato ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, wanda ya ba da ƙarfi ga noman rani. Amma bakunan ci suna ƙaruwa da sauri: ƙidayar 2001 ta nuna mutum kimanin miliyan 11, ta 2012 ta nuna miliyan 17.

Iyaka

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500. Dabbobi da wake da albasa suna fita ta Ƙonni da Ɗan Isa da Magariya, masara da dawa suna shigowa, da yawansu daga kasuwar Dawanau ta Kano. Idan naira ta faɗi, hatsin Najeriya yakan yi sauƙi ga mai sefa, amma mai sayar da rago a can yakan dawo da abin da bai taka kara ya karya ba.

Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya da Benin. Shinkafar da ta saba zuwa ta tashar ruwan Kwatano sai ta koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da haɗari, kuɗin ɗauko ta kuma ya hau kan mai saye. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO.

A Oktoba 2024 hukumomin Nijar su ma suka hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake, sai zuwa Mali da Burkina Faso, irin matakin da maƙwabta suka ɗauka a 2005. Manufar ita ce farashi ya sauka ga mai saye a cikin gida. Manomin wake na Magariya ko Matameye kuwa, wanda babban mai sayen kayansa yana tsallaken iyaka, shi aka bari da buhuna yana jiran ɗan kasuwar gida ya yi masa tayi.